Wasan Motsa Jini A Makaranta, Da Yadda Aka Bar 'Yan Mata A Gindin Itace

Cikin watannin da aka tura mu gwajin koyarwa a wata makarantar firamare ta cikin birni, ba nisa da unguwarmu Soron Ɗinki, mun ga wani abu wanda tun muna yara mu ke ganinsa, amma ba mu taɓa tambayar dalilinsa ba sai da alli ya zo hannunmu. Ran Laraba, da an kaɗa ƙararrawar wasa, sai yara maza su yi waje a guje, su tuɓe takalma, su aza duwatsu bibbiyu a maimakon raga, kafin malami ya iso har sun rabu gida biyu sun fara tamaula. 'Yan mata kuwa sai su nufi gindin darbejiya su zazzauna. Waɗansu su yi ta hira, waɗansu a ba su jiran takalman mazan, in kuwa hedimasta ya gifta ya ga fili da datti, su ne masu tsintsiya. Haka za a yi har a sake kaɗa ƙararrawa. A takardar tsarin darussa an rubuta aji duka ya yi wasan motsa jini, amma rabin ajin kaɗai ya yi gumi.

Muka tambayi wani dattijon malami wanda ya daɗe a bakin aiki, muka ce, "Allah shi gafarta Malam, me ya sa ba a sa 'yan matan nan su ma su yi wasa?" Ya yi murmushi ya ce, "Samari, haka muka tarar." To, abin da aka tarar wani ne ya ajiye shi. Don haka muka ga ya kamata mu bi sawun al'amarin tun daga farkonsa, mu kawo wa 'yan'uwanmu masu koyon malanta abin da muka samo.

Mu fara da gida tukuna. Kada wani ya zaci Bahaushe ya jira zuwan Bature kafin ya san motsa jiki. Yaro ya kan tashi da langa, ya kama babban yatsan ƙafarsa ta baya ya yi ta tsalle da ƙafa guda, 'yan gidansa suna ture abokan hamayya don ruwa ya samu ya sha. In kaka ta yi a kan yi kokawa, mahauta suna da dambe, 'ya'yan sarauta suna da sukuwa, Fulani suna da sharo. Wanda ya lura zai ga dukansu darasi guda su ke koyarwa, watau jarunta da juriya, da kada namiji ya yi raki a gaban jama'a.

'Yan mata su ma suna da nasu, kuma a nan mu ke so mu ɗan daɗe, gama shi ne abin da aka fi mantawa. In wata ya yi haske su kan taru a dandali ko a bakin wani lungu mai faɗi su yi gaɗa. Su kan tsaya kamar rabin da'ira suna tafi, mai bayarwa tana bayarwa saura suna amshi, ɗaya ta fito tsaka ta yi rawa, sa'an nan ta juyo ta saki jikinta ta faɗo da baya, su tare ta su cilla ta sama, ta dira bisa ƙafafunta, wata kuma ta fito. Mu da aka koya mana sassan jiki a aji, mu auna wannan wasa da ma'aunin da aka ba mu. Ga aikin cinya da ƙwauri wajen tsalle, ga aikin dantse wajen tarewa, ga huhu yana aiki domin waƙa ba ta tsayawa, ga kuma kiyaye lokaci, don wadda ta kuskure tafi ta ɓata wasa. Bayan wannan duka akwai amana, gama ba ta ganin abin da ke bayanta, ta dai saki jiki ne don ta san ba za a bari ta sha ƙasa ba. Da wuya a sami darasin motsa jini a littafi wanda ya tara waɗannan abubuwa cikin wasa ɗaya, ba kuwa da sayen ko ƙwallo ba. Sa'an nan ga carafke mai koyar da saurin ido da hannu, ga 'yar gala-gala, ga tsallen igiya.

Ban da wasa kuma ga aiki. Yarinyar da ta yi lugude da safe, ta ɗebo ruwa, ta ɗauki farantin talla ta zaga unguwa uku, ba a ce mata ragguwa. Wata Baturiyar Amurka, Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a Kurawa da Ƙofar Mazugal wajen ƙarshen shekarun 1970, ta nuna yadda yara, musamman 'yan mata, su ne ƙafafun matan da ke cikin kulle, su ke kai saƙo, su ke saye, su ke sayarwa. Kakarmu ta kan ce a zamaninsu ba wata yarinya a Soron Ɗinki da za ta ce Kurmi ta yi mata nisa.

Amma fa akwai iyaka, kuma gaskiya ta wajaba mu faɗe ta. Namiji ya kan yi ta kokawarsa har gemu ya fito. Mace kuwa gudunta da tsallenta su kan ƙare ran da aka sa ta a lalle. Tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara al'adar kulle, gidan da ya gina kuwa ga shi nan maƙwabcinmu. Watau al'ada ta raba filin maza da na mata, ta kuma gajarta kwanakin wasan mace. Duk da haka cikin 'yan shekarun nan nata, tana da rabonta cikakke.

Turawa suka ci Kano a 1903. A 1909 Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa, bayan ganuwa. Almajiranta malamai ne da 'ya'yan sarakuna da masu koyon sana'a, dukansu maza. A 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, wadda aka mayar Kaduna a 1938, daga nan Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yanzu. Ya kamata mu san irin mutanen da aka aiko su koyar a nan. Galibinsu sun fito ne daga manyan makarantun kwana na 'ya'yan masu hali a Ingila, inda aka yi imani cewa a filin wasa a ke ƙera shugaba: can ya ke koyon bin doka, da haƙuri in an kā da shi, da sa ƙungiya gaba da kansa. Da ya ke abin da su ke nema a ƙasar nan shi ne malaman makaranta da ma'aikatan En'e da hakiman gobe, sai suka ɗauko wannan ra'ayi ɗungum suka dasa. Aka kawo kurket, da tamaula, da guje-guje, da wani wasa da a ke buga ƙaramar ƙwallo a jikin bango da tafin hannu, mai suna fayif, wanda asalinsa daga makarantar Eton ne. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, da ya yi karatu a Katsina daga 1926 zuwa 1931, ya shahara a fayif, bai kuwa bar shi ba har ya zama Firimiya. Har yanzu a na buga shi a Katsina da waɗansu garuruwan Arewa. Mutumin da aka ɗora bisa ilmin Nijeriya duka a 1929, Mista Hussey, shi kansa ɗan tsere ne, ya yi gudun tsallake shinge a wasannin Olamfik na Landan a 1908, an kuma yi garkuwa da sunansa wadda makarantu su ke takara a kanta. Irin wannan mutum ba sai an roƙe shi ya ware wa wasa lokaci ba.

Ƙananan makarantu kuwa abin da ya fi isa gare su shi ne fareti. Asalinsa, bayan yaƙin da Ingila ta yi da Turawan Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902, hukuma ta tsorata da yawan samarin da aka tarar ba su da ƙoshin lafiyar shiga soja. Sai aka fito da tsarin motsa jiki irin na bariki don makarantu a 1902. Aka yi ta gyara shi, a 1904 da 1909 da 1919, har aka kai ga littafin 1933, wanda ya daɗe a hannun malaman ƙasar nan. A jera yara sahu-sahu, a ɗaga hannu, a sauke, a juya dama, a juya hagu. Ran 24 ga Mayu kuma, ranar bikin daular Ingila, a fita fili a yi maci a yi tsere. Ka ga dai tun daga tushe, wasan makaranta an ɗinka shi ne daidai jikin soja da jikin mai mulki. Ba a auna mace ba da a ke yankan rigar.

Ga wani abin mamaki wanda mu ma sai a kwaleji muka ji shi. A can Ingila mata ne suka riga maza koyon aikin malamin motsa jiki. Wata mace mutuniyar Suwidin, Martina Bergman Österberg, ta kawo tsarin atisayen da Ling ya shirya a ƙasarsu, ta buɗe kwalejin horar da malamai mata a Landan a 1885, ta mayar da ita Dartford a 1895. Maza ba su sami irinta ba sai 1933, da aka buɗe Kwalejin Carnegie a Leeds, bayan shekara 48 ke nan. Kada kuma a zaci ta same shi a ruwan sanyi. Iyayen Ingila na wancan zamani suna gudun a ga 'ya'yansu mata suna tsalle, waɗansu likitocinsu ma suna cewa wahalar da jiki zai ɓata wa mace haihuwa. Yaya aka shawo kansu? Da abu uku. Aka sa mace ta koyar da mace. Aka yi wasan a cikin harabar makaranta, ba a bainar jama'a ba. Aka kuma ɗinka wata riga ta musamman wadda ta ke barin jiki ya motsa ba tare da an zubar da mutunci ba, bisa ga ma'aunin mutanen wurin. Har wasa suka gyara ya dace da su, wani irin ƙwallon kwando wanda ba a gudu da ƙwallo a hannu, ba a kuma bangaje juna, suna kiransa netbol, aka rubuta dokokinsa a 1901.

To, jama'a, waɗannan abubuwa uku, ba su ne daidai abin da uba Bakano zai nema ba? Ashe maganin yana aljihun waɗanda suka zo, sai dai ba a fito da shi da wuri ba, domin 'yan mata ba su cikin lissafi.

Sai a 1930, shekara 21 bayan makarantar Ɗan Hausa, aka buɗe makarantun 'yan mata na farko na hukuma a Arewa, ɗaya a Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ɗaya a Kano zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Na Sakkwato da Birnin Kebbi suka biyo baya, a 1939 kuma aka buɗe wurin horar da malamai mata a Sakkwato. Ta Kano tana cikin birni ƙarƙashin inuwar fada, 'yan matan da aka fara tarawa kuwa na gidajen sarauta ne da na barorinsu. Abin da aka fi ba ƙarfi shi ne tsabta, da ɗinki, da renon jariri, da ɗan karatu da lissafi, don manufar ita ce a samar wa 'yan boko matan aure waɗanda suka san zaman gida irin na zamani. Iyaye suna ɗari-ɗari, Turawa kuma suna tsoron kada su taɓa abin da zai tā da hankalin sarakuna, yaran ma ba su daɗewa a ke cire su a yi musu aure. A irin wannan hali wa zai tsaya neman filin tsere? A ganinmu laifin ba na gefe guda ba ne. Ra'ayin Bature na cewa fili na mai mulki ne, da ra'ayinmu na cewa kunya ita ce adon mace, su suka haɗu suka yi wa yarinya katanga biyu. Abin takaicin shi ne, makaranta ba ta ba ta sabon wasa ba, ba ta kuma ɗauki nata na dandali a bakin komai ba. Kofi da garkuwa da suna duk suna wajen wasannin maza.

Sau da yawa a kan ce addini ne ya hana. Mu da muka wanke allo kafin mu riƙe fensir, muna ganin a yi hattara da wannan magana. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha a wata tafiya ta wuce shi, bayan shekaru da jikinta ya yi nauyi suka sake, shi kuma ya wuce ta. Abin da malamai su ke tsayawa a kansa shi ne suturce jiki da gudun cakuɗa maza da mata baligai. Wannan kuwa sharaɗi ne na yadda za a yi, ba hani ba ne ga yin. Abin da ya ƙara rikita al'amarin shi ne tufafi. Da wasannin 'yan mata suka shigo makarantun sakandare, sun zo ne da ɗan guntun siket da ƙaramar riga, har mutane suka ɗauka wasa da tsiraici tagwaye ne. Uban da ya ce 'yarsa ba za ta fita haka ba, ba gudu ya ƙi ba, rigar ya ƙi. Duniya ma ta daɗe kafin ta gane wannan. Sai a 2014 masu dokokin ƙwallon ƙafa suka tabbatar da izinin rufe kai a fili, na ƙwallon kwando kuwa sai 2017.

Bayan mulkin kai abubuwa sun canja a takarda. Shirin ilmin firamare na kowa da kowa na 1976 ya cika azuzuwa da 'yan mata, manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta sa motsa jiki cikin darussa ba tare da ta ware mace ba. An fara bikin wasanni na ƙasa a Ikko a 1973, daga baya langa da dambe da kokawa suka sami shiga. Gaɗa dai ba ta samu ba, an bar ta a lissafin raye-raye. Zinariyar farko da wani ɗan Nijeriya ya ciwo shi kaɗai a Olamfik, mace ce ta ciwo ta, Chioma Ajunwa, a dogon tsalle a Atlanta a 1996. Kafin ita, Nawal El Moutawakel ta Maroko, Musulma, ta ci zinariyar gudun mita 400 na tsallake shinge a 1984.

Sai dai a lokacin da takarda ta ke gyaruwa, dandali yana mutuwa. Filayen unguwa an gine su, kududdufai an cike an yi shaguna, dare ya zama na makarantar Islamiyya da talabijin da waya, iyaye kuma ba su sake jiki su bar yarinya a waje bayan isha'i ba. Ba mu ce duk wannan sharri ne ba, karatun dare alheri ne babba. Amma sakamakonsa shi ne yarinyar Soron Ɗinki ta yau ba ta da dandalin kakarta, ba ta kuma da filin ƙanenta. Shi ya kan sami kwararo ya buga tamaula ko da ƙwallon tsumma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na minti 60 kowace rana. A wani ƙiyasi da ta fitar a 2019 bisa 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 a duniya, kashi 85 cikin ɗari na 'yan mata ba su kai wannan ba, maza kuwa kashi 78. Ciwon sukari da hawan jini da wahalar naƙuda ba su tambayar ko mutum ya zauna ne don kunya. Saboda haka minti talatin ɗin nan na ran Laraba, wanda a dā ƙari ne kawai bisa abin da yarinya ta ke samu a gida, yanzu mai yiwuwa shi ke nan abin da ya rage mata.

Da muka fahimci haka sai muka koma wurin hedimasta muka roƙi abu biyu: ɗan filin da ke bayan azuzuwa, wanda katanga ta kewaye, da kuma izinin wata malama ta tsaya da 'yan matan. Ya ce ba shi da kuɗin sayen kaya. Muka ce ba a bukatar komai sai igiya da gawayin zane. Yaran dā ma da dogon wando su ke zuwa ƙarƙashin riga, sai malama ta nuna musu yadda za su ɗaure hijabi a ƙugu kada ya harɗe su. Mu maza muka tsaya can wajen 'yan tamaula.

Larabar farko ba ta yi kyau ba. Malama ta ce a yi gaɗa, aka tsaya a na kallon juna. Cikin aji duka 'yan kaɗan ne suka san yadda a ke faɗawa da baya, su ma a gidan biki suka gani. Wadda ta fara gwadawa ba a tare ta da kyau ba, ta zauna daɓas, aka yi dariya, ta yi fushi ta koma gindin itace. Abin da ya cece mu wata tsohuwa ce mai sayar da ƙosai a bakin ƙofa. Ta ji tafin ya karkace, ta kasa haƙuri, ta rufe kaskonta ta shigo. Ta ce, "'Yan nan, haka a ke tafi a garinku?" Ta jera su, ta sa manya a tsakiya inda nauyi zai faɗo, ta nuna musu a kan tare mutum a ƙarƙashin kafaɗa ne, ba a ƙugu ba, ta kuma ba da waƙa da muryarta. Abin da littafinmu ya kira kiyaye haɗari, ita ta san shi tun ba a haife mu ba.

A mako na uku wani uba ya zo da faɗa, ya ji an ce a na koya wa 'yarsa rawa a makaranta. Hedimasta ya kai shi ya leƙa ta taga. Ya ga katanga, ya ga malama, ya ga tsohuwa, ya ga 'yarsa cikin suturarta tana haki tana dariya. Ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya ce shi dai kada a kai ta wani gari da sunan gasa. Aka ce ba za a kai ta ba sai da yardarsa. Wata yarinya guda kuwa uwarta ta aiko cewa an yi mata baiko, a bar ta ta zauna, aka bar ta, ita ce mai riƙe wa malama agogo.

Kafin kwanakinmu su cika an ƙara tsallen igiya da tseren ba da sanda, mazan ma da suka ji shewa ta bayan aji suka ce su a koya musu langa, don ashe rabinsu ba su taɓa yi ba. Mun baro malama tana ci gaba da abinta kowace Laraba, tsohuwa kuma tana shigowa in ciniki ya lafa. Takalman mazan kuwa, tun da aka rasa mai jira, kowa ya kan cusa nasa cikin jakarsa.